Taku Bakwai Daga Bakin Inji

Shekara biyu cur Auta ya yi yana yi wa yayansa aikin kunne, kuma duk faɗin filin jirgin nan babu wanda ya sani sai su biyu. Su biyun ma ba su taɓa zama sun yi maganar ba. Abin ya fara ne wata safiya da shugaban tawagarsu, wanda kowa ke kira Dogo, ya gama bayanin aikin ranar. Auta ya lura Yaya ya gyaɗa kai a inda bai kamata a gyaɗa ba. Da aka watse sai ya matsa kusa da kunnensa na hagu, wanda ke da ɗan dama-dama, ya maimaita masa bayanin tun daga farko. Yaya ya ce, "Ai na ji." Bai ji ba. Washegari aka sake, aka kuma sake, har abin ya zame musu jiki.

Aikinsu tarbar jirgi ne idan ya sauka ya gangaro wurin tsayawarsa. Auta ne mai sanduna. Yakan tsaya can gaba da sanduna biyu masu ruwan lemo, yana nuna wa matuƙi ya matso, ya karkata, ya tsaya. Wani ya sa wa tayoyi weji, wato matokari, don kada jirgin ya gangara, wani ya jawo janareta ya jona wa jirgin wuta, wani ya turo matakala. Yaya kuwa shi ke jera robobin nan masu tsini a gaban injina da ƙarshen fikafikai, don kada wata mota ta kuskura ta gogi jirgi. Shekararsa ashirin da takwas a filin. Shi ya kawo Auta aikin bayan rasuwar mahaifiyarsu, shi ya koya masa, kuma rabin tawagar a hannunsa suka tashi, har da Dogon da ke ba shi umarni yanzu. Ban da Auta, kowa Baba yake ce masa.

Karatun da yake yi wa sababbin zuwa bai taɓa canzawa ba. Bayan inji iska ce mai zafi da ke iya kifar da amalanken kaya, ya gani da idonsa. Gaban inji kuwa ya fi muni, don shi ba ya turewa, zuƙa yake yi. "Hula, takarda, mutum, duk ɗaya ne a wurinsa," in ji shi. "Muddin jar fitilar nan ta ƙarƙashin cikin jirgi tana ƙiftawa, ko uwarka ce ke kiranka daga ciki, tsaya inda kake." Sai na uku, wanda shi ne abin alfaharinsa: ido a ƙasa. Noti ɗaya, ƙusa ɗaya, guntun zif ɗin jaka, in inji ya haɗiya an shiga uku. Yaya ba ya taka filin nan sai kansa a sunkuye kamar kaza mai kiwo, kuma kullum aljihunsa cike yake da tarkacen ƙarafa. Matarsa ta yi mita har ta gaji a kan aljihunan da yake hudawa.

To irin wannan mutumin za ka tara ka ce masa injinan da ya ƙare rayuwarsa yana tsare mutane daga sharrinsu sun cinye masa kunne? Auta dai bai iya ba. Gwajin ji da ake musu duk shekara ma Yaya ya gano lagonsa. Auta ya taɓa hango shi ta gilashin ƙofar asibitin ma'aikata, ya kafa wa kafaɗar ma'aikaciyar jinya ido, da ta motsa sai ya danna maɓalli. Ranar Auta ya yi dariya shi kaɗai, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Tsoro ne ya samu wurin zama a cikinsa ya miƙe ƙafa. Duk jirgin da ya tarba, ido ɗaya yana kan matuƙi, ɗayan yana kan Yaya, don ya san wata rana za a faɗi wata magana da ba zai samu sukunin maimaitawa ba.

Ranar ta zo ba tare da wata alama ba. Tsakar rana ce, simintin filin yana ɗaukar ido. Saura minti goma jirginsu ya sauka, oba-obar Dogo, rediyon hannunsa, ta yi magana. Ya saurara, ya tara su a inuwar motar jan jirgi.

"Ku buɗe kunne da kyau," in ji shi, yana ɗaga murya saboda jirgin da ke ɗumama a maƙwabtansu. "Wannan mai zuwa, ƙaramin injinsa na wutsiya ya lalace, wanda ke riƙe masa wuta in an kashe manyan. Don haka in ya tsaya, na dama kaɗai za su kashe. Na hagu zai ci gaba da aiki har sai mun jona janareta. Weji a tayar gaba kawai, sai janareta. Ban da su, ko ƙuda kada ya matsa sai na ɗaga yatsa. Kowa ya ji?"

Kowa ya gyaɗa kai. Yaya ma ya gyaɗa, har sau biyu, da fuskar nan tasa ta wanda ya riga ya san zancen tun kafin a haifi mai faɗa.

Auta ya ɗaga ƙafa zai nufe shi ke nan, mai matakala ya ƙwala masa kira. 'Yan aikin safe sun bar amalanken kaya a kan layin da jirgin zai bi, birkinsa kuma ya cije. Su uku suka taru a kansa, suna turawa suna tsine wa wanda ya bari. Kafin su gama, hancin jirgin ya riga ya leƙo ta kwana. Auta ya waiga. Yaya yana tsaye a wurinsa na kullum, ɓangaren dama, robobinsa huɗu a gabansa, hankali kwance. Dogo ai kusa da kunnensa mai kyau ya tsaya, kuma da ƙarfi ya yi magana. "Yau dai ya ji," in ji Auta a ransa, don haka yake so ya kasance. Ya ja abin toshe kunnensa ya rufe, ya ruga wurinsa.

Jirgin ya taho a hankali, ƙato, zafi yana tashi a bayansa. Auta ya yi ta kiransa da sanduna har tayar gaba ta hau kan alama, sannan ya gicciya su a saman kansa. Jirgin ya tsaya. Ƙarar ta ragu da rabi, injin dama ya fara mutuwa. Mai weji ya duƙa a tayar gaba, mai janareta ya jawo igiyarsa mai kauri, Dogo ya jona wayar da yake magana da matuƙi. Komai daidai. Sai Auta ya kai idonsa inda ya saba kaiwa.

Robobi uku ne a wurin. Babu Yaya.

Ashe ta bayan Auta ya wuce. Ga shi can a ɗaya ɓangaren, roba a hannu, kai a sunkuye, yana tafiyarsa ta kullum ba gaggawa, ya miƙe sak zuwa bakin injin hagu. Da ma kullum da na hagun yake farawa, don ta nan matakala ke zuwa.

Auta ya ƙwala ihu, ko shi bai ji muryar kansa ba. Ya watsar da sandunan. Duk abin da aka koya masa ya ce kada ya je wurin nan, amma ƙafafunsa ba su tsaya shawara da shi ba. Yana gudu yana ganin gefen rigar Yaya mai ƙyalli ya fara ɗagawa yana yin gaba, kamar wani ya kama shi yana ja. Ya san ba zai cim masa ba. Taku uku ya rage a tsakaninsu, Yaya kuma bai fasa tafiya ba.

Sai Yaya ya tsaya da kansa. Ya hango wani ɗan noti a kan siminti, ya rankwafa zai ɗauka.

Auta ya cafki bel ɗinsa ta baya da hannu biyu, ya jefa kansa baya da iyakar ƙarfinsa. Suka zube tare. Ya mirgina ya danne shi, ya manna fuskarsa da simintin mai zafi, yana jin iskar tana jan rigarsa ta wuya. Robar ta kuɓuce daga hannun Yaya. Auta ya gan ta da idonsa tana tafiya a ƙasa ita kaɗai, ta yi tsalle ɗaya, ta tashi sama, ta shige. Aka ji wani gum, jirgin duka ya girgiza. Dogo ya riga ya yi wa matuƙi ihu a waya, matuƙi ya riga ya yanke mai, ƙarar ta fara sauka, tana sauka, har ta zama shuu. Warin ƙonanniyar roba ya cika wurin.

Yaya yana ta mutsu-mutsu a ƙarƙashinsa. "Kai! Ka haukace ne? Ɗaga ni! A gaban mutane za ka kayar da ni?"

Auta bai ɗaga shi ba sai da jar fitilar ta daina ƙiftawa. Yaya ya tashi zaune yana kakkaɓe gwiwar hannu, ransa a ɓace, ya buɗe baki zai ci gaba da faɗa. Sai ya ɗaga kai ya ga bakin injin a gabansa, faffaɗa, fikafikan cikinsa suna juyawa har yanzu, hayaƙi yana fita ta baya. Ya dubi hannunsa na dama, wanda ɗazu ke riƙe da roba. Bakin nasa ya tsaya a buɗe.

Daga nan kuma sai ka rantse biki ake. Mai weji ya zo ya rungume su su biyu yana ta salati. Mai janareta, ƙaton da ba a taɓa ganin haƙoransa ba, ya zauna a kan igiyarsa yana dariya hawaye na zuba. Dogo ya cire wayar daga kunnensa. Matuƙin da kansa, wani mai furfura, shi ya fara saukowa da aka kafa matakala. Ya dafa kafaɗun Yaya ya girgiza shi, ya yi ta magana da yarensa, babu wanda ya gane ko kalma ɗaya, amma kowa ya ce amin.

"Baba," in ji mai matakala da ƙarfi, "wallahi da ka shiga, injin ne zai ƙware. Wannan taurin kan naka ba ya niƙuwa."

Aka kwashe da dariya, irin wadda ta fi ƙarfin abin da aka faɗa. Mai weji ya koma ya auna da ƙafarsa daga inda suka faɗi zuwa bakin injin, ya dawo ya ce taku bakwai ne. Wani ya ce shida da rabi, aka fara musu a kai, kowa yana jin daɗin cewa musun taku ake yi ba wani abu ba. Auta yana zaune a ƙasa. Daɗi ne ya cika shi har yana jin jiri. Zafin simintin ma daɗi yake masa, haka raɗaɗin gwiwarsa da ta ƙuje. Bai taɓa ganin abin da ya kai ƙeyar Yaya kyau ba, da furfurarta da zufarta.

Da ya tashi sai ya zagaya bayan injin. Garin roba mai ruwan lemo ya bazu a kan siminti har nesa, babu guntun da ya kai farcen babban yatsa. Ya tsaya yana kallo, ya koma gefe ya yi amai. Da ya ɗago ya ga Yaya tsaye shi ma yana kallon garin.

Jirgin dai ba zai sake tashi ba sai injiniyoyi sun duba injin ciki da waje. Fasinjoji suka sauko suna hararar kowa, ba su san me aka tsallake ba. Ba a jima ba saƙo ya zo cewa jami'ar kiyaye haɗurra tana son ganin mai robobi da mai sanduna a ofishinta.

Dogo ya ja Auta gefe a bakin ɗakin hutawarsu. "Ka ji," in ji shi a hankali. "Za mu ce iskar jirgin maƙwabta ce ta kwashi robar, Baba ya bi ta zai kamo, kai ka riƙe shi. Na yi magana da sauran, bakinmu ɗaya. Mutumin nan shi ya koya min riƙe weji. Ba da bakina za a fitar da shi daga filin nan ba." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma me ya same shi? A gabansa fa na yi bayani."

Auta ya dubi takalminsa. Dogo ya ɗan jira, ya buga masa kafaɗa ya tafi.

Ofishin yana hawa na biyu, ƙarshen wani dogon baranda mai benci ɗaya da injin ruwan sanyi. Suka zauna, Auta a hagun Yaya kamar yadda ya saba, ya maimaita masa abin da Dogo ya shirya. A nan ne daɗin ya fara tsami. In maganar Dogo ta zauna, gobe war haka suna filin, Yaya da robobinsa, shi da sandunansa da idonsa rabi biyu. Yau noti ne ya tsayar da Yaya. Gobe wa zai ajiye masa noti a hanya? Ya ƙudurta zai faɗi gaskiya ko da Yaya zai daina amsa gaisuwarsa har abada. Ya ƙudurta, amma da ya dubi hannayen nan da suka yi masa wanka yana yaro, sai harshensa ya yi nauyi.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

Yaya bai dube shi ba, bangon gabansu yake kallo. "Injin nan. Lokacin da nake tafiya. Yana ƙara sosai?"

Auta ya matsa bakinsa kusa da kunnen. "Yaya, har cikin haƙorana nake jin sa."

Yaya ya ce, "Ni kamar fanka nake jin sa, can nesa. Na ɗauka na maƙwabta ne." Ya shafa fuskarsa. "Ka san farin zanen nan na tsakiyar inji, mai kama da dodon koɗi? In inji na gudu ba a ganinsa, in ya fara mutuwa sai ya fito. Shi nake kallo tun da kunnen ya tafi. Na ga na dama ya fito, na ce shi ke nan. Shekara ashirin da takwas tare nake ganin ana kashe su."

"Fitilar fa, Yaya?"

"Da rana ba na ganinta sosai daga inda nake tsayawa. Na daina nemanta tuntuni." Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ni mai koya wa mutane."

"Laifina ne. Da na zo na faɗa maka..."

"Rufe min baki." Yanzu ya juyo ya dube shi, idanunsa sun yi ja. "Taku bakwai aka ce, ko? Ba ni kaɗai ba ne a taku bakwai ɗin. Kai ma kana wurin. Inna ta bar min kai amana, yau saura ƙiris in shiga da kai. Ka bar matarka da jariri a gida ka biyo kurma bakin inji."

Auta bai taɓa jin kalmar nan daga bakinsa ba. Ya tashi ya ɗebo masa ruwa a kofin roba. Yaya ya shanye, ya miƙa masa kofin, aka buɗe ƙofa aka ce su shigo.

Jami'ar 'yar ƙaramar mace ce mai tabarau, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta nuna musu kujeru, ta sunkuyar da kai kan takarda, ta fara tambaya tana rubutu. Auta ya ga wuyan Yaya ya motsa zai gyaɗa, sai ya tsaya.

"Malama," in ji Yaya, "ki yi haƙuri ki ɗaga murya, kuma ki dube ni in kina magana. Ba na ji."

Ta ɗago. "Ƙarar ɗazu ce ta toshe maka kunne?"

Auta ya maimaita masa tambayar. Yaya ya girgiza kai. "Ba ta ɗazu ba ce. Shekara biyu ke nan ban ji bayanin aiki daga bakin shugabana ba. Na dama ya mutu, na hagu yana kan hanya. Ba iska ce ta kwashi robar ba, in ma wani ya ce miki haka, don yana ƙaunata ne. Da ƙafata na tafi."

Ya faɗa mata komai, har da kafaɗar ma'aikaciyar jinya. Auta ya faɗi nasa, yadda yake maimaitawa, da yadda yau bai maimaita ba. Malama ta ajiye biro ta cire tabarau. Ashe muryar nan tana da ƙarfi in ta so. Ta wanke su tas, kuma Auta ya fi shan ruwan faɗan.

"Shi kunya ce ta hana shi magana, na gane. Kai fa? Kana ji, kana gani, ka zaɓi ka zama rediyonsa? Da yau gawa biyu zan rubuta, da wane bakin zan yi wa matanku bayani?"

"Gaskiya ne, Malama."

"Kada ka ce min gaskiya ne!"

Ta numfasa, ta mayar da tabarau. Ta miƙa hannu, Yaya ya ciro katin shiga fili daga wuyansa ya ɗora mata a tafi. Ta ce gobe zai ga likitan kunne na gaske, ba mai kafaɗa ba. Fili kam ya gama da shi, kada ma ya sa rai. Amma akwai ɗakin horar da sababbin ma'aikata a ƙasa, sun daɗe suna neman wanda ya san aikin da hannunsa ba a littafi ba. Ba ta yi alkawari ba, za ta dai yi magana. Shi kuwa Auta takardar gargaɗi ce da hutun dole na mako biyu.

Auta ya karɓi takardar da hannu biyu, har da godiya. Malama ta bi shi da kallo kamar tana shakkar lafiyarsa. Shi kam ji yake kamar an sauke masa buhun siminti daga ka. Yana saukowa matakalar bene yana jin yunwa, irin wadda ya manta rabonsa da ita.

Motar ma'aikata ta ajiye su a bakin layinsu da la'asar. Suka wuce shagon tela, suka wuce famfon da mata ke layi, Yaya yana amsa gaisuwa da hannu. Auta bai wuce gidansa ba, ya bi shi har ciki. Matar Yaya tana tsakar gida tana kwashe shanya, kwando a kugu. Ta dube su sama da ƙasa, ta ga gwiwar wando a yage, gwiwar hannu a ƙuje.

"A'a, Autan Inna, kokawa kuka yi da yayan naka? Wa ya kayar da wani?"

"Ni na kayar da shi, Anti."

"Ka kyauta, ka rama min." Tana dariya, sai ta lura babu wanda ya taya ta. Ta dubi wuyan mijinta, inda katin ya saba rataya. Ta ajiye kwandon a hankali. "Me ya faru?"

Yaya ya zauna a kan kujerar roba ya fara kwance igiyar takalmi. "Faɗa mata kai," in ji shi. "Ni ko ta yi faɗa ba ji zan yi ba."

Auta ya faɗa mata, bai rage komai ba. Tana tsaye tana saurare, hannunta ɗaya a ƙirji. Matar nan da duk layin ya san muryarta, wadda shekara biyu ke nan sai ta yi ihu kafin mijinta ya san abinci ya sauka, yau ba ta katse shi ko sau ɗaya ba. Da ya kai wurin garin robar sai ta rufe ido. Ta bari ya kai ƙarshe.

Sannan ta taka zuwa wurin mijinta, ta durƙusa a gabansa, ta ƙarasa cire masa takalmin da kanta, abin da Auta bai taɓa gani ba. Ta riƙe ƙafar da hannu biyu. Ta faɗi wata magana ƙasa-ƙasa, kanta a sunkuye, don kunyar ƙanin miji da ke tsaye.

Yaya ya leƙa fuskarta. "Ban ji ba," in ji shi. "Sake faɗa min."

Ta ɗago, hawaye ya jiƙa mata fuska. Ta dubi Auta, ta dubi ƙofar gida da ke buɗe, ta ja numfashi.

"Na ce in ka mutu ka bar ni, wa zan yi wa ihu a gidan nan!"

Tela ya tsayar da kekensa, matan famfo suka yi tsit. Yaya ya ɗora hannu a kanta ya ce, "To, yanzu na ji."